Aro ko Sata? Tsakuren Sauti a Gaban Dokar Haƙƙin Mallaka

A watan Disamba na 1991 wata kotun tarayya a birnin New York ta yanke hukuncin da ya sauya yadda ake haɗa kiɗan zamani. Mawaƙin hip-hop Biz Markie ya tsakuro wani yanki daga waƙar Gilbert O'Sullivan ta 1972, "Alone Again (Naturally)", ya ɗora tasa waƙar a kai ba tare da an ba shi izini ba. Alƙali Kevin Thomas Duffy ya buɗe hukuncinsa da umarnin hana sata da ke cikin Attaura, ya hana ci gaba da sayar da faifan, sannan ya miƙa batun ga lauyan gwamnati don a duba yiwuwar tuhumar aikata laifi. Daga wannan rana kamfanonin faifai suka fara neman lasisi a kan duk wani gutsuren sauti da mawaƙansu suka ara, kuma farashin lasisin ya zama abin da yake tantance irin waƙar da za a iya yi.

Tsakuren sauti shi ne a yanko ɗan guntu daga faifan da aka riga aka naɗa, ko bugun ganga ne, ko busar ƙaho, ko murya, a sarrafa shi da na'ura, a gina sabuwar waƙa da shi. Sake zubi kuwa shi ne a ɗauki waƙa sukutum a sauya mata kiɗa ko sauri ko tsarin sassanta. Dokar haƙƙin mallaka tana kallon kowane faifai a matsayin dukiya iri biyu. Akwai waƙar kanta, wato kalmomi da karin murya, wadda asalinta ta mawaƙi ce. Akwai kuma sautin da aka naɗa, wanda galibi yake hannun kamfanin da ya ɗauki nauyin naɗar. Mai tsakure yana taɓa duka biyun, don haka izini biyu yake nema, kuma kowane ɗaya daga masu haƙƙin yana iya cewa a'a, ko ya yanka farashin da ya ga dama. Wannan tsari, kamar yadda kotunan Amurka suka gina shi, ya taƙaita ƙirƙira ba tare da ya wadata maƙirƙira ba. Nijeriya, wadda ta sabunta dokarta kwanan nan, tana da damar bin wata hanya, kuma adabin Hausa yana da abin cewa game da ita.

Abin da Kotuna Suka Gina

Tsananin da aka fara a 1991 ya kai ƙololuwa a 2005, a shari'ar kamfanin Bridgeport Music da Dimension Films. Ƙungiyar N.W.A. ta ɗauki sautin jita na daƙiƙa biyu daga wata waƙar Funkadelic, ta rage masa kaifin murya, ta maimaita shi a cikin waƙarta "100 Miles and Runnin'" ta yadda mai sauraro da wuya ya gane asalinsa. Kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta shida ta ce ƙanƙantar abin da aka ɗauka ba hujja ba ce: wanda yake son tsakure ya nemi lasisi, in ba haka ba ya bari. Abin lura shi ne haƙƙin wannan sauti yana hannun kamfani ne, ba hannun George Clinton, jagoran Funkadelic, ba. A 2016 kotun shiyya ta tara ta saɓa wa wannan ra'ayi a shari'ar waƙar Madonna, "Vogue", inda abin da ake jayayya a kai busar ƙaho ce da ba ta kai rubu'in daƙiƙa guda ba. Kotun ta ce abin da mai sauraro ba zai iya ganewa ba bai kai a kira shi keta haƙƙi ba. Sakamakon haka ƙasa ɗaya ta wayi gari da hukunci biyu masu karo da juna, kuma kamfanoni, don gudun asara, suna aiki da mafi tsananin.

A Jamus ma daƙiƙa biyu ce ta haifar da shari'ar da ta haura shekara 20. Ƙungiyar Kraftwerk ta kai ƙarar mai haɗa kiɗa Moses Pelham a 1999 saboda ya ɗauki ɗan bugu daga waƙarsu ta 1977, "Metall auf Metall", ya sa a waƙar Sabrina Setlur ta 1997. A 2016 Kotun Tsarin Mulkin Jamus ta ce dole a auna haƙƙin mai faifai da 'yancin fasaha, domin tsakure ginshiƙi ne na salon hip-hop. A 2019 Kotun Tarayyar Turai ta ce tsakure kwafi ne, sai dai in an sarrafa shi har kunne ya kasa gane shi. A 2023 kotun Jamus ta sake mayar da batun can, tana neman a fayyace mata ma'anar kwaikwayon salo da doka ta halatta.

Illar wannan tsari a bayyane take a tarihin waƙa. Faya-fayen ƙarshen shekarun 1980, irin su na Public Enemy na 1988 da "Paul's Boutique" na Beastie Boys na 1989, an saƙa su ne da tarin gutsattsarin sauti, wani a kan wani. Bayan 1991 irin wannan saƙa ta gagari kowa sai mai ƙarfin aljihu, domin kowane gutsure yana da nasa lauya da nasa farashi. Faifan De La Soul na 1989, "3 Feet High and Rising", bai hau manhajojin sauraron waƙa na intanet ba sai a watan Maris na 2023, saboda rikicin kwangila da na izinin tsakure, makonni kaɗan bayan rasuwar ɗaya daga cikin mawaƙan uku.

Akwai kuma wani saɓani da ya nuna raunin hujjar masu tsananin. Tun daga dokar 1909, a Amurka, duk wanda yake son sake rera waƙar wani da aka riga aka fitar yana iya yi ba tare da neman yardar mai ita ba, muddin ya biya kuɗin da doka ta ƙayyade. Ke nan doka ta yarda a ɗauki waƙa ɗungurungum bisa farashi sananne, amma ta hana a ɗauki daƙiƙa biyu na sautinta sai abin da mai faifai ya ce. Mai maimaitawa ya samu sauƙi, mai sarrafawa ya gamu da shinge, alhali sarrafawar ce ta fi kusa da ƙirƙirar da aka ce doka tana son ƙarfafawa.

Waɗanda Aka Ci da Guminsu

Duk da haka, kiran a sakar wa kowa mara ya ɗebi abin da ya so ba mafita ba ne, kuma 'yan Afirka ne suka fi kowa sanin dalili. A 1939 Solomon Linda, wani Bazule ma'aikaci a Johannesburg, ya naɗi waƙar "Mbube" a kamfanin Gallo. An ruwaito cewa sule goma aka ba shi. Waƙar ta tsallaka Amurka ta zama "Wimoweh", a 1961 ta zama "The Lion Sleeps Tonight", a 1994 ta shiga fim ɗin "The Lion King". Linda ya rasu a 1962 cikin talauci, kuma sai a 2006 magadansa suka samu sulhun da ya amince da haƙƙinsa. Manu Dibango na Kamaru ya ji amshin waƙarsa ta 1972, "Soul Makossa", a cikin waƙar Michael Jackson ba tare da an tuntuɓe shi ba, aka sasanta a wajen kotu, sannan a 2009 ya sake garzayawa kotu a Paris bayan amshin ya ɓulla a waƙar Rihanna.

Misalin da ya fi ban tausayi shi ne na Gregory Coleman, makaɗin gangar ƙungiyar The Winstons. Bugunsa na daƙiƙa shida zuwa bakwai a waƙar "Amen, Brother" ta 1969 ya shiga dubban waƙoƙi, har wasu salon kiɗa a Ingila suka ginu a kansa. Coleman ya rasu a 2006 bai karɓi ko anini daga wannan ba. Abin da labarinsa yake nunawa shi ne ko da an tsananta doka, ba lalle ne kuɗin ya iso hannun wanda ya buga gangar ba, domin shi ba marubucin waƙar ba ne, kuma ba mai faifan ba ne. Tsanani da sakaci duka a wuri ɗaya suke barin makaɗi. Tambayar da ta dace ita ce wa ake biya, nawa ake biya, kuma sunan wa ake ambata.

Aro a Adabin Hausa

Masu nazarin waƙar Hausa sun daɗe da sanin cewa gini a kan aikin wani hanya ce ta ƙirƙira mai daraja. Tahamisi shi ne misali mafi bayyana: sha'iri ya ɗauki baitin magabaci mai ɗango biyu, ya ɗora masa uku a gaba, ya zama ƙwar biyar. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukan ƙasar Hausa waƙar Alfazazi ce da tahamisin Ibn Mahib. Nana Asma'u ta fassara waƙar mahaifinta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, "Tabbat Haƙiƙa", zuwa Hausa, ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi. Aliyu Namangi ya ari karin kiɗan caji, wanda ake nishaɗi da shi a dandali, ya zuba "Imfiraji" a kansa, ya mayar da karin duniya abin ɗaukar wa'azi. Mudi Sipikin ya mayar wa Sa'adu Zungur martani a kan "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ta hanyar bin sawun waƙar da yake ƙalubalanta. A zamanin baya-bayan nan, Brian Larkin ya yi nazarin yadda masu bandiri a Kano suke ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya su rera yabon Manzon Allah da shi, Abdalla Uba Adamu kuma ya bi diddigin yadda finafinan Hausa suka ari karin waƙoƙin Indiya masu yawa. Da an ɗora ma'aunin shari'ar Bridgeport a kan wannan tarihi, da wani babban kaso na adabin ya zama abin tuhuma.

Amma gaskiya ta wajabta a faɗi inda kwatancen ya tsaya. Namangi kari ya ara, kuma kari, kamar ma'aunin aruli, ba mallakar kowa ba ne a idon doka. Mai tsakure kuwa ainihin sautin hannun wani ko maƙogwaron wani yake ɗauka. Haka nan mai tahamisi yana barin baitin asali cikakke, yana kuma bayyana mai shi, sau da yawa a cikin waƙar kanta, alhali mai tsakure yana iya daddatsa sautin ya ɓoye asalinsa. Saboda haka al'adar Hausa ba ta ba da hujjar ɗiba ba tare da ƙa'ida ba. Abin da ta koyar shi ne aro halal ne bisa sharaɗi biyu: mai aro ya ƙara wani abu nasa, kuma ya ambaci wanda ya ara daga gare shi. Wannan shi ne ladabin isnadi da makarantun zaure suka ginu a kai, inda darajar ɗalibi take ƙaruwa in ya ambaci malaminsa. Makaɗan baka ma sukan ambaci ubangidan da suka yi wa amshi kafin su kafa ƙungiyarsu.

Dokar Nijeriya da Giɓin da ke Cikinta

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ta kare sautin da aka naɗa shekara 50 bayan fitar da shi. Ta halatta amfani da aikin wani bisa adalci don suka da sharhi da bincike, da kuma kwaikwayon ba'a da zambo da kwaikwayon salo, tare da umartar a duba manufar amfanin, da yanayin aikin, da yawan abin da aka ɗauka, da tasirinsa a kan kasuwar aikin asali. Ta ba mai aiki haƙƙin a ambaci sunansa da haƙƙin ƙin amincewa da sauyin da zai zubar masa da mutunci. Ta kuma kare fasahar gargajiya ta al'umma, ta damƙa kula da ita ga Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya.

A rubuce wannan tsari ya fi na shari'ar Bridgeport sassauci. Matsalar tana wajen ɗora shi a kan waƙar baka. Mamman Shata ya rasu a 1999, don haka waƙoƙinsa suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069. Faifan da aka fitar a 1973 kuwa, alal misali, kariyar sautinsa ta ƙare a ƙarshen 2023. Matashin da ya tsakuro muryar mawaƙi daga irin wannan faifai zai nemi magada, in ya san inda suke kuma in sun haɗu a kan baki ɗaya. In kuwa kalangu kawai ya ɗauka, babu wanda zai nema, domin sunan makaɗin ma sau da yawa ba a rubuta shi a bangon faifan ba. Ga kuma ɗimbin waƙoƙin da aka naɗa a gidajen rediyo da fadoji da wuraren biki ba tare da wata rubutacciyar yarjejeniya ba. Doka tana tunanin marubuci guda mai zaman kansa, waƙar baka kuwa aikin ƙungiya ce: jagora da 'yan amshi da makaɗa da sanƙira, kowa da gudummawarsa. Ga tambayar ko wani kiɗan sana'a, kamar na mahauta ko na manoma, mallakar wanda ya naɗe shi ne ko gadon al'umma.

Inda haƙƙi bai fayyace ba, abu biyu ne yake faruwa, kuma duka asara ne. Mai tsoron shari'a ya guji kiɗan gida ya koma ga sautin da ke cikin kwamfuta, sai kalangu da kotso da gurmi su ƙara nisa da kunnen matasa. Marar tsoro kuma ya ɗiba ya yi shiru, iyalan makaɗa su tashi a tutar babu.

Hanyar da ta Fi Dacewa

Abu na farko shi ne kotunan Nijeriya su ƙi bin ra'ayin da ya ce kowane gutsure, komai ƙanƙantarsa, keta haƙƙi ne. Sautin da aka sarrafa har mai sauraro ya kasa gane shi bai rage wa mai faifai kasuwa ba, kuma bai jingina da sunansa ba. A nan ma'aunin Kotun Tarayyar Turai da na shari'ar "Vogue" sun fi dacewa da hankali.

Na biyu, tsakuren da ake iya ganewa ya shiga ƙarƙashin lasisin da doka ta wajabta bayarwa, bisa kaso sananne na abin da sabuwar waƙar ta samar, gwargwadon tsawon abin da aka ɗauka da matsayinsa a cikinta. Wannan zai buɗe ƙofa ga yaron da yake haɗa kiɗa a ɗan shago a Kano ko Jos, wanda ba shi da kuɗin biya tun kafin waƙa ta fita, kuma zai tabbatar da cewa in waƙar ta karɓu, masu asali sun samu rabonsu. Masu adawa za su ce hakan ya ƙwace wa mai dukiya ikon cewa a'a. Gaskiya ne, amma haƙƙin mallaka tun asali yarjejeniya ce mai wa'adi tsakanin maƙirƙiri da al'umma, kuma misalin 1909 ya nuna cewa kasuwar waƙa tana iya bunƙasa a ƙarƙashin ƙayyadadden farashi.

Na uku, a ware wani kaso na wannan kuɗi ga makaɗa da 'yan amshi ko magadansu, wanda kwangilar kamfani ba za ta iya shafewa ba. Na huɗu, ambaton asali ya zama wajibi a kan duk tsakuren da ake ganewa, ko da wa'adin kariya ya ƙare.

Saura batun mutunci, wanda ya fi sauran sarƙaƙiya. Waƙar Jay-Z, "Big Pimpin'", ta ɗauki busa daga "Khosara Khosara", wadda Baligh Hamdi na Masar ya tsara wa Abdel Halim Hafez. An biya kamfanin da ke riƙe da haƙƙin, amma wani magajin Hamdi ya kai ƙara a 2007 yana cewa an haɗa kiɗan da kalaman batsa. Kotun Amurka ta kori ƙarar a 2015, domin haƙƙin mutunci da dokar Masar ta tanada ba ya aiki a can. A ƙasar Hausa irin wannan koke ba zai zama baƙo ba: a ɗauki muryar mai bege ko mai wa'azi a ɗora a kan kiɗan rawa, ko a ɗauki yabon wani basarake a mayar da shi tallar ɗan siyasar da mawaƙin bai taɓa sani ba. Ya dace doka ta saurari irin wannan ƙorafi. Sai dai dole a taƙaita shi ga cin mutunci bayyananne, wanda mai ƙara zai tabbatar, domin in aka sake shi zai zama sandar hana suka da zambo, waɗanda su ma tsofaffin rassa ne na waƙar Hausa kuma doka ta halatta su.

Nauyin da ke Kan Masana

Babu ɗaya daga waɗannan shawarwari da zai yi aiki in babu bayanin wanda ya yi me. Ba a raba kuɗi ga makaɗin da ba a san sunansa ba, kuma alƙali ba zai iya bambance karin da kowa ya gada da karin da wani ya ƙaga ba sai da taimakon wanda ya san fannin. Ayyuka irin na Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙan Hausa sun aza harsashi, amma ana buƙatar rajista ta faifai bayan faifai: ranar naɗa, wurin naɗa, sunan jagora, sunayen 'yan amshi da makaɗa, da wanda yake riƙe da asalin kaset ɗin. Sassan Hausa na jami'o'i da cibiyoyin nazarin harsuna su ne suka fi cancantar wannan aiki, tare da gidajen rediyon da ke ajiye da tsofaffin naɗe-naɗe. Lokaci kuma yana ƙurewa, domin dattawan da suka yi wa manyan makaɗan ƙarni na 20 kiɗa da amshi, waɗanda za su iya jin faifai su ce wane ne ya buga wannan, suna raguwa kowace shekara.

Haka nan kalmar kwaikwayon salo da ke cikin dokar 2022 tana jiran fassara, kuma fassarar da aka fara yi mata za ta daɗe tana aiki. In masana Hausa ba su gabatar da tahamisi da aron kari da waƙar martani a matsayin shaidar yadda ƙirƙira take gudana a wannan ƙasa ba, lauyoyi za su cike gurbin da hukunce-hukuncen New York da Karlsruhe kaɗai. Ranar da ƙarar farko a kan tsakuren kalangu za ta zo gaban Babbar Kotun Tarayya, ya kamata alƙali ya tarar da rajistar a shirye, da kuma masanin da zai iya yi masa bayanin abin da kunnensa yake ji.